Yadda Shamuwa Ta Yi Baƙi

Ga ta nan, ga ta nanku.

A zamanin da rimayen birnin Zazzau suka fi soraye yawa, tsuntsaye ne ke dakon kaya ta sama, kuma gida huɗu ne suka riƙe sana'ar. Tantabara ce mai cikin ganuwa, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, ƙullin yaji ne ko wasiƙa. Balbela tana bin rugage da ƙauyukan bakin Galma, ta kawo man shanu ta koma da kanwa. Hankaka ya kafa zango a Dutsen Kufena, yana jigilar Kano da Katsina. Ita kuwa Shamuwa, wadda a lokacin fara ce tas kamar auduga, ita ke da doguwar tafiya, kudu can bayan kurmi.

Arzikin Shamuwa ba a fiffikenta yake ba. Tun kakanninta sarakunan garuruwan kudu suka ba gidansu rassa a kan manyan itatuwa, da sharaɗin ba mai sauka a kai da kaya sai ɗan gidan Shamuwa. Hankaka ya fi ta 'ya'ya, ya fi ta rumbu, amma duk ranar da ya doshi kudu sai dai ya yi ta shawagi, babu wurin sa ƙafa. Abin ya tsaya masa a rai kamar ƙayar kifi a wuya.

Ana nan sai aka jera shekara uku fara na tsada. Tsuntsu kuwa ba ya tashi da yunwa, kuma ko mangala ta cika ko rabi ce, guzurin tafiya ɗaya ne. Shamuwa ta ci bashi ta ciyar da yaranta, ta sake cin wani ta biya na farko. Labari ya kai kunnen Gizo, dillalin da bai taɓa ɗaukar ko allura sama ba, amma ba a cinikin da la'adarsa ba ta fita.

Ya same ta a kan rimi da la'asar, ya rusuna. "Shannu da hutawa, uwar ɗakina," in ji shi da tsamin bakin nan nasa. "Maigida Hankaka ne ya aiko ni. Ya ce in gaya miki ba ciniki yake nema ba, aure ne. Gida biyu su zama ɗaya. Bashinki ya zama nasa, sunanki yana nan, yaranki ba wanda zai rasa aiki."

Shamuwa ta ce ya ba ta kwana uku. Washegari ta tashi ta nufi Palladan wurin ƙanwarta Tsattsewa, wadda sheƙarta ke maƙale a rufin rumfar jirage ta kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, wadda aka kafa tun 1964. Kada wani ya tambaye ni yadda kwaleji ta shigo tatsuniya. Shi ma Gizo ba wanda ya san shekarunsa. Tsattsewa dai ta daɗe tana sauraron hirar malamai da ɗalibai, ta san labarin tsuntsayen ƙarfe na 'yan Adam fiye da kowa.

Da ta ji abin da ke tafe da ita, sai ta ce, "Yaya, ai an yi irin wannan auren a Amurka. Akwai wani gidan dako, Flying Tigers, matuƙan da suka dawo daga yaƙi ne suka kafa shi a 1945. Ya yi suna, kuma yana da izinin sauka a ƙasashen Asiya, har da Japan, abin da Federal Express ke ta nema bai samu yadda yake so ba. A 1989 Federal Express ya haɗiye shi a kan dala miliyan 880 ko kusa da haka. Hanyoyin suna nan har gobe ana bi. Sunan ne aka shafe da fenti."

"To yaran gidan fa?"

"Su wasunsu sun ci gaba da tashi. Amma tambayi mutanen Wilmington, wani ɗan gari a jihar Ohio, inda zangon Airborne Express yake. DHL ya saye gidan a 2003. Ciniki bai yi kyau ba, a 2008 ya ce zai bar jigilar cikin gida a Amurka. Mutum wajen 8,000 suka wayi gari ba aiki, a garin da bai fi cikin cokali ba."

Shamuwa ta yi shiru. Can ta ce, "In na ƙi fa?"

Tsattsewa ba ta ɓoye mata ba. "In kin ƙi, ga Nigeria Airways nan. Ya durƙushe a 2003, ba a yi masa aure ba, jana'iza aka yi. Ma'aikatansa suka yi shekaru suna jiran haƙƙinsu, wasu har ƙasa ta rufe idonsu. Gidan da bai sami mai saye ba, Ungulu ce magajiyarsa."

Ni dai ban ga laifin Shamuwa ba. Mai bashi a wuya ba zaɓi yake yi tsakanin zuma da maɗaci ba. Rana ta uku ta sa hannu, aka raba goro, Gizo ya karɓi la'ada a hannun ango, ya zagaya ta baya ya karɓa a hannun amarya.

Ba a yi mako ba Hankaka ya ce kayan aikin gida ɗaya ne, kowa sai ya sa launin maigida. Aka kora Shamuwa da yaranta marina. Aka tsoma su ɗaya bayan ɗaya, kai da wuya da baya da fiffike, baba ya kama su baƙi ƙirin. Da aka zo kan cikinta sai ta ƙanƙame shi da ƙafafu, ta ce wannan kam sai dai a yanka ta. Marinin ya dubi Hankaka, Hankaka ya dubi nasa farin ƙirjin, ya ce a bar mata. Shi ke nan abin da ta tsira da shi. Rassan kudu kuwa tun daren farko 'ya'yan Hankaka suka kwana a kai. A ranar ne maroƙa suka fara yi masa kirari: Hankaka, mai da ɗan wani naka.

Wadda ta fara jin abin a jikinta Bushiya ce, mai ɗinkin riguna a Anguwar Juma, wadda ba ta taɓa sayen allura ba don a bayanta take cirowa. Ta yi wata biyar a kan wata riga aska takwas ta wani ango a kudu. Da, in Shamuwa ta ce wuri ɗari biyu, sai Bushiya ta ce za ta bi da kayan ta Kano a hannun Hankaka, nan take a sauko ɗari da hamsin. Yanzu ta je aka ce mata ɗari huɗu.

"Haba ɗan nan, ɗari huɗu? Bari in leƙa gidan Shamuwa."

Yaron Hankaka ya yi dariya. "Iya, ai a gidan Shamuwar kike tsaye."

Bushiya ta tara Kurege mai barkono da Ɓera mai goro, suka kai kuka wurin Kunkuru, alƙalin kasuwa, domin sun ji Hankaka ya sa Gizo neman auren Tantabara da Balbela a haɗe. Kunkuru ya ce zai duba. Ya tashi daga Babban Dodo ran Lahadi. Kafin ya isa Ƙofar Doka an ɗaura na Tantabara, an tsoma ta. Sa'arta ɗaya, baban ya riga ya salance, shi ya sa ta fito toka-toka. Daga ranar, ƙullin yajin da za a kai daga Limancin Kona zuwa Kwarbai sai ya fara kwana a Kufena tukun, wai a nan ake tantance kaya.

Da aka zauna shari'a, Gizo ya ce babban gida shi ne rahama ga talaka: mangala na cika, guzuri na raguwa. Kunkuru ya ce, "Gaskiya ne. To ragin, aljihun wa ya shiga?" Gizo ya shiga gyaran hula. Aka kira Tsattsewa shaida.

"Allah gafarta Malam, a Turai ma an yi. UPS ya nemi TNT Express, hukumar Tarayyar Turai ta hana a watan Janairun 2013, ta ce masu aika kaya za su rasa wurin gudu. Da Korean Air ya nemi Asiana kuwa, ba ta yarda ba sai da aka yi alkawarin ware sashen dakon kayan Asiana a sayar wa wani dabam."

Kunkuru ya yanke hukunci: Hankaka ya tsaya haka nan, ba shi ba Balbela. Shi ya sa har yau take fara, tana bin shanu. Bushiya ta yi guɗa. Suna fita sai Tsattsewa ta ja ta gefe. "Iya, akwai ƙarashen da alƙali bai tambaye ni ba. TNT ɗin nan da aka hana UPS, a 2016 FedEx ya saye shi, yuro biliyan 4.4. Wanda dai ya haɗiye Flying Tigers."

Kuɗin dako bai sauko daga ɗari huɗu ba. Shamuwa ta yi murabus, ta koma kudu da zama, ba ta zuwa Zazzau sai da farkon damina, ta sauka a rimin da ya zama na wani, yara na murna suna cewa ruwa ya kusa. In ka gan ta bana, ɗaga kai ka dubi cikinta. Shekaranjiya kuma an ga Gizo a Ƙofar Kuyambana yana raɗa da Borin-tunke, suna nuna wajen rugage.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.