Agogon Greenwich da Agogon "Ga Ni Nan Tafe"

A unguwar Greenwich da ke Landan akwai wani layin ƙarfe shimfiɗe a ƙasa, a harabar gidan nazarin taurari da Sarki Charles na Biyu ya kafa a 1675. Baƙi na biyan kuɗi don kawai su raba ƙafa a kansa, ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. Taron Washington na 1884 ne ya zaɓi wannan layi ya zama mafarin awon duniya. Lissafin ba wuya: duniya na juya digiri 360 cikin awa 24, kowane digiri 15 awa ɗaya ke nan. Shi ya sa Kano ke gaba da Greenwich da awa ɗaya, Indiya da biyar da rabi, Nepal kuwa ta ɗora minti 15 a kai, kada a ce ta kwaikwayi maƙwabciya.

Abin da taron ya manta shi ne agogon Malam Bahaushe.

An gayyace ni walimar suna a unguwar Peckham da ke Landan, kati ya ce ƙarfe biyu. Na isa biyu cif, maigida ya dube ni da tausayi, ya ce, "Malam, lafiya dai? To, taya mu jera kujeru." Na kira abokina, ya ce, "Ga ni nan tafe," alhali ina jiyo ƙarar ruwan wanka. Ƙarfe shida ya shigo yana baza babbar riga, wai sauri ya haifi nawa.

Har nan Landan muna yanka alkawari da "bayan Magariba", a garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Disamba, a Yuni kuma sai tara ta gota. Turawa kan tura agogo gaba ranar Lahadin ƙarshe ta Maris, su yi kunnen doki da Najeriya, su dawo da shi a ƙarshen Oktoba. Mu ko a jikinmu. Wanda ya saba makara da awa huɗu, me awa ɗaya za ta yi masa?

Amma fa ranar da abokin nan zai tashi zuwa Abuja, tun awa biyar kafin lokaci yana filin jirgin Heathrow, ya tasa jakunkuna gaba, yana duba agogo yana tsaki. Ashe agogonmu lafiyarsa ƙalau. Ya dai san ɗan'uwa na jira, jirgi ba ya jira.