Masu Kare da Masu Mage a Zangon Kumasi

Tun ina yaro a Aboabo na lura da abu guda: a Zango ba mai ajiye kare sai da hujja, ba kuma mai ajiye mage da ke amsa laifinsa. Tambayi mai kare, kafin ka rufe baki ya jero maka dalilai. Tambayi mai mage, sai ya ce: "Ai ba tawa ba ce, zuwa kawai take yi." Shekararta bakwai tana zuwan nan, kuma duk haihuwarta a ƙarƙashin gadonsa take yi.

Shugabar masu musun ita ce Hajiya mai shinkafa da wake, abincin da duk Gana ke kira waakye. Ita a wurinta mage ma'aikaciya ce da aka ɗauka don ɓerayen da ke fitowa daga kwata. Daga asuba zuwa isha zagi ne albashinta: ɓarauniya, makwaɗaiciya, mai idon mayu. Busasshen kifin da Hajiya ta sayo a Kejetia kuwa, kullum lissafinsa ba ya cika. Amma wani yaro ya kuskura ya ɗaga dutse, nan zai san magen tana da uwa. "Kai, ɗan gidan wa? Abincin gidanku ta ci?" Ɓerayen dai suna nan suna cin karensu ba babbaka, don magen ta ƙoshi da kifi, ba ta da lokacinsu.

Sai Malam na makarantar allo, wanda tasa magen ke barci a kan buzu. Almajiri ya gyangyaɗa ya sha bulala, ita ta miƙe ƙafa a tsakiyar darasi ba mai ce mata uffan. Malam zai tuna maka cewa sahabi Abu Huraira ma daga 'yar kyanwa ya samo laƙabinsa, kuma an azabtar da wata mata saboda ta kulle mage da yunwa. Duk gaskiya ne. Sai dai ran da ta ɗauke kan kifin buɗa-bakinsa, takalmi na ga ya bi ta da shi, ba hadisi ba.

Masu kare su ne 'yan wahala, don su sai da fatawa. Ga Alhaji mai gidan haya a Asawase, wanda ɓarayi suka kwance wa famfo sau biyu. Ya ji malamai sun ce an yarda da kare don farauta, ko kiwo, ko gona. Alhaji bai taɓa harbin ko kurciya ba, gonarsa kuwa tukunyar albasa ce a bayan ɗaki. Sai ya sayo awaki biyu ya ɗaure a tsakar gida, ya ce ga garke nan. In ka matsa masa, ya ƙara da cewa ai a mazhabar Malikiyya kare ba najasa ba ne. Haka ne, amma da karen ya shinshini butarsa, ba sau bakwai ya wanke ta ba, jefar da ita ya yi. Maƙwabtanmu Asante kan raɗa wa kare suna da karin magana don su yi wa wani habaici, karen Alhaji shekara huɗu sunansa "Kai!" Ɓarawo bai taɓa kamawa ba. 'Yan haya masu dawowa da dare kuwa, ya san ɗanɗanon wandon kowannensu.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Borga. Sunan daga Hambog ta Jamus ya samo asali, amma yanzu duk wanda ya dawo daga Turai da sarƙa a wuya ya zama Borga. Shi nasa karen yana da takardun asibiti, da sabulunsa, da abincinsa na cikin buhu wanda kuɗinsa ya fi cefanen gidan. Aka miƙa masa tuwon zafi ya kau da kai. In aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, Borga da kansa ke yi masa fifita, alhali tsohuwarsa na gefe tana gumi. Da yamma ya sa masa igiya su nufi Akwatia Line, yara na biye, tsofaffi na salati: "Yau ga kare na jan mutum!" Bayan wata biyu hutu ya ƙare, Borga ya hau jirgi, aka bar wa ƙaninsa amana. Jiya na ga karen a bakin kwata yana kokawa da 'yan uwansa a kan ƙanzo.

Akwai kuma jarumin baki, mai cewa in ka tsaya cak ka karanta addu'a kare ba ya taɓa ka. Takalminsa na hagu har yau yana hanyar masallaci. Ban cika ganin laifinsa ba, domin ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum da wuya a tashi, shi ya sa duniya ta ware 28 ga Satumba don tunawa da shi. Masu mage kada su yi murmushi, ita ma tana ɗauka, allurar likitan dabbobi ta hau kan kowa.

Na ƙarshe ba ya kiwon komai, yabo kawai yake yi. Ya tsaya a ƙofar gidanka ya ƙura wa muzurunka ido, ya ce: "Kai, wannan ya yi ƙiba, me kake ba shi?" A ƙasar da ake yi wa naman mage laƙabi da Joseph, wannan ba gaisuwa ba ce. Namu muzurun ya ɓace kwana uku bayan irin wannan yabo. Muka yi ta nema daga Sawaba har Alabar, ko gashinsa ba mu gani ba.

In aka ce in zaɓa, ni dai ba kare ba mage, haya nake yi kuma ɗakina ɗaya. Farar da kuke gani a kan katifata ba tawa ba ce, zuwa kawai take yi.