Yadda Ladabi Ya Ja Mini Bashin Tamale a Meksiko

Mahaifiyata ta rene mu a Wusasa a kan wata doka da ba ta da ɗaukaka ƙara: idan ka je gidan mutane ka ci karo da tsakuwa a cikin shinkafa, kada ka kuskura mai girki ta sani. Ka san yadda za ka yi da ita, ka gyara fuska, ka ce abinci ya yi daɗi. Da wannan doka na yi yawo Zariya, Jos, Legas, har Amurka, lafiya lau. Sai a Meksiko ta kai ni ta baro.

Ina karatu a Amurka cocin da nake zuwa ya yi cigiyar masu sa kai da za su je su taimaka na wata uku a wani gidan yara da ke gefen birnin Wahaka, can kudancin Meksiko. Fasto ya ja Yaƙub 1:27, ayar nan da ke maganar kula da marayu, ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na ɗaga hannu. Sifaniyancin da na iya a lokacin bai cika cokalin shayi ba.

Su ba gidan marayu suke cewa ba, kasa ogar suke cewa, kuma da gaskiyarsu, don da yawa daga yaran iyayensu na raye. Wani ubansa ya tsallaka Amurka neman kuɗi, shiru kake ji. Wata uwarta na kurkuku. Wasu talauci ne kawai ya kawo su. Ranar da na sauka aka tara su, su arba'in da biyu, a ɗakin cin abinci. Duk babban namiji tiyo suke ce masa, wato kawu. Ni kuma na ga ai matsayin uba na zo riƙewa, sai na dafa ƙirji na ce su riƙa kirana Baba.

Ɗaki ya yi tsit. Can wani ƙaramin yaro ya shafa haɓarsa, ya nuna tawa. Sai wuri ya ɓarke da dariya. Ashe a Sifaniyanci baba ita ce dalala, yawun nan da ke zuba daga bakin jariri ko mai nauyin barci. Don in gyara ɓarna, na zaro waya na nuna musu hoton tsohuwarmu ta ci ado da ɗaurin ɗankwali, na ce da alfahari, “Kaka!” Jama'a, a wajensu kaka shi ne abin da yaro ke yi a fo. Wata yarinya sai da ta faɗo daga benci. Daga ranar na zama Tiyo Baba, Kawu Dalala ke nan, kuma har na bar ƙasar ba wanda ya nemi sanin sunana na yanka.

Aikin kansa ba wa'azi ba ne, kamar yadda na ɗauka. Ƙarfe biyar da rabi ka tashi, ka kaɗe takalman yara saboda kunama, ka nemo safa ɗaya da ta ɓace a ƙarƙashin gado, ka raba faɗa a bakin famfo, ka raka su makaranta, ka dawo ka tarar da wanki ya yi tsiri. Da yamma addu'a da aikin gida, inda yara 'yan shekara bakwai ke gyara mini karatu. Kalmar farko da na fara tsana ita ce aorita. Ma'anarta yanzu-yanzu, amma tsawonta daga minti biyar ne zuwa tashin ƙiyama. Ƙanwa ce ga “ana gugarsa” ta tela ana gobe salla.

Akwai wani yaro ɗan shekara tara da zan kira Sarkin Fitina, don ya ci sarautar. Duk sanda na miƙa masa tsintsiya sai ya tuna mini da Benito Huwares. Kowane yaro a jihar Wahaka ya haddace labarinsa: an haife shi a 1806 a ƙauyen Gelatawo cikin duwatsu, iyayensa suka rasu yana ɗan shekara uku, ya yi kiwon tumaki, ya sauko birnin Wahaka da ƙafa yana shekara 12 ba ya jin Sifaniyanci, ƙarshe ya mulki ƙasar daga 1858 har rasuwarsa a 1872. Hujjar Sarkin Fitina ita ce shugaban ƙasar gobe ba ya shara. Wani lokaci kuma ya lallashe ni, ya ce kada in damu, Huwares ma da farko bai iya yaren ba. Sai ya ƙara da cewa, “Amma fa shi yaro ne lokacin, Tiyo.”

A kicin ne kawai na ɗan farfaɗo da mutuncina. Mai girkin wata dattijuwa ce gajera mai kitso biyu har gadon baya, 'yar ƙabilar Zapotek, ni Inna nake ce mata, ita kuma miho, wato ɗana. Ta miƙo mini wani jan ruwa mai sanyi wai shi hamaika, na kurɓa, na ce wannan ai zoɓo ne. Ta kawo wani na tamarindo, na ce tsamiya. Ranar da aka sayo capulines daga kasuwa, fara ce soyayya da tafarnuwa da lemun tsami da barkono, Turawan da muka zo tare suka ja da baya kamar an ajiye musu maciji. Ni kuwa na cika hannu na watsa a baki, na tambaya ko da ƙari. Sati guda yara na kallona da girma.

Sai 6 ga Janairu ta zo, ranar da suke bikin masanan nan da suka zo daga gabas gaida jariri Yesu. Da daddare aka shigo da wani ƙaton burodi mai siffar zobe, roska, an yi masa ado da busassun 'ya'yan itace, ga tukunyar cakulan mai zafi. Kowa ya yanki nasa da kansa. Na lura yara na ƙare wa wuƙa kallo kafin su yanka, na ce yunwa ce.

Gatsa ta biyu haƙorina ya daki wani abu, ƙas! Na juya shi da harshe. Roba ce. Nan take muryar mahaifiyata ta faɗo mini. Na dubi Inna tana ta murmushi, baiwar Allah, ta sha wahala, ga shi wani abin wasan yara ya faɗa cikin ƙullu. Na yi tarin ƙarya, na tofa a hannu, na cusa aljihu. Don kada a zargi komai, na ƙara yanka. Ƙas! Wata kuma. Na ce lallai gidan burodin nan sai addu'a. Ita ma na tura ta wajen 'yar'uwarta.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne da gangan ake ɓoye 'yan tsanar nan a cikin roska, suna tuna yadda aka ɓoye jariri Yesu daga Hirudus. Wanda duk ya samu, shi zai ciyar da jama'a tamale ranar 2 ga Fabrairu, kwana arba'in bayan Kirsimeti. 'Yan tsana huɗu aka sa. An ga biyu. Burodi ya ƙare.

Aka buɗe kotu. Aka sa yara suna buɗe baki ɗaya bayan ɗaya. Mai kula da gidan ta fara maganar asibiti, kada ya zama wani ƙarami ya haɗiye. Zargi ya tattaru a kan Sarkin Fitina, wanda karon farko a rayuwarsa ba shi da laifi, yana rantsuwa har da hawaye. Ni ina gefe ban fahimci komai ba, har ina gyaɗa kai, ina cewa yaran yanzu sai a hankali. Sai 'yar autar gidan, mai shekara huɗu, ta tako ta zura hannu a aljihuna ba sallama, ta zaro su biyu ta ɗaga sama.

Bayanin da na yi da guntun Sifaniyancina, cewa asirin Inna nake rufawa, bai karɓu ba. A wajensu ni ne ƙaton da ya zo da Littafi Mai Tsarki a hamata ya ɓoye jarirai biyu don gudun bashi. Sarkin Fitina ya share hawaye ya ce ko Hirudus bai kai ni ba.

Sauran biyun da suka samu yara ne, ba su da ko sisi, saboda haka kaya suka dawo kaina gaba ɗaya. Na ce ba komai, tamale ai alala ce ta yi ƙaura. A Wahaka ma da ganyen ayaba ake naɗe shi: ƙullun masara da aka dafa da farar ƙasa aka niƙa, a buga shi da mai har sai ɗan gutsure ya taso a kan ruwa, a sa kaza da baƙar miyar mole a tsakiya, a naɗe, a turara. Bugun nan kaɗai ya cinye mini kafaɗa. Inna na naɗe biyar ina fama da ɗaya, nawa kuma kamar ƙunshin goron da ya sha ruwan sama.

Da za a ɗora tukunya, Inna ta fita ɗebo itace, ta ce in jera. Na leƙa sai na hango kwabo a ƙasan ruwa. Kuɗin tsohuwa ya faɗi! Na naɗe hannun riga na tsamo shi, na goge, na ajiye mata a kan taga, ina jin daɗi wannan karon kowa zai shaida gaskiyata.

Kwabon nan shi ne agogon tukunya. Muddin da ruwa yana tafasa, za ka ji shi yana ƙaraurawa. Ya yi shiru, ruwa ya ƙone, a ƙara. Inna da ta dawo ta shiga wata hidimar, ta bar ni gadi, ta ce idan na ji shiru in kira ta. Ni kuwa tun farko shiru nake ji, na ɗauka haka sautin yake. Ƙauri ne ya kira ta.

Ta dubi tukunya, ta dubi kwabon a taga, ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, don a al'adarsu idan mai girki ta yi fushi tamale ba ya nuna, kuma maganinsa a yi wa tukunya rawa. Ta zuba ruwa, ta mayar da kwabonta, ta ce ita ranta ya riga ya ɓaci, kuma gwiwoyinta ba sa rawa. Haka na yi minti goma ina taka rawar bikin Zazzau a gaban murhu, yara arba'in da biyu na tafi suna “Baba! Baba!” Sai ƙarfe goma na dare muka ci. Jerin ƙasa ya zama gawayi, kuma duk ni aka tara wa shi a faranti.

Da na kira gida na zayyana wa mahaifiyata komai, tun daga roska har rawa, ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, “To ita matar, ta ji kunya a gaban mutane?” Na ce a'a, Mama, ni na ji. Ta ce, “To ai shi ke nan.”