Zuwa Ga Sarkin Feshin Gummi

Taubashina, Sarkin Feshin Gummi, ina gajiya? Ya iyali? Tumatir kam ba zan tambaya ba, an ce bana duk wanda ya ambace shi a gabanka sai ka ɗaure fuska.

Ruwan Gulbin Zamfara daga wajenmu Anka yake gangarowa ya ratsa ƙasar Bukkuyum ya iske ku, amma labarinka haurowa ya yi ya same mu. Wai tun asuba kake goya tankin feshi, ka haɗa Karate da fiya-fiya, ka bi lambu layi-layi ba takalmi ba ƙyallen rufe hanci. Ƙarshenta darɓa ta nannaɗe ganyen attaruhu, farin ƙuda ya kwana a bayan ganyen yalo, sharon kuma ta mai da tumatir kamar an babbake.

To bari ubangidanka ya karantar da kai. Ita sharon baƙuwa ce daga Kudancin Amurka. A 2006 aka fara ganinta a Sifen, a 2016 kuwa ta yi wa manoman Kano da Kaduna ɓarnar da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tsutsarta cikin ganye take shigewa, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, tana ci tana barci. Kai kana waje kana tsiyayar da kuɗinka. Ga ta da saurin sabawa da magani.

Wa maganin ke samu ke nan? Masu yi maka aiki kyauta. Jan ƙwaron nan ƙanƙane mai ɗigon baƙi a baya, da ka ce wa yara shi ke cin ganye, darɓa yake ci, wajen hamsin a yini idan ya samu. Ƙoƙi-ƙoƙi, gizo-gizo, kwaɗon bakin rijiya, duk farauta suke yi maka. Zanzaron da kake rushe wa ɗaki a bangon zaure, da ka tsaya ka duba cikin ɗakin da ka ga tsutsotsin da ya jibge wa 'ya'yansa. Haka rina ma. Babu wanda ya taɓa neman ko kuɗin goro a hannunka, abin da ya dace da marowaci irinka, amma ka bi su ka kashe. Matsalar kuwa ita ce darɓa ba ta jiran namiji, haihuwa kawai take yi, 'yarta ma cikin mako guda ta fara tata. Masu cinta kafin su farfaɗo an kai ƙarshen rani.

Nan kuma ba wasa nake ba. Mu mutanen Anka da Bukkuyum mun ga abin da gubar dalma ta yi a 2010, a Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara sama da 400 suka tafi. Guba ba abar sakaci ba ce. Ka fesa yau, gobe ka tsinke ka kai kasuwa, 'ya'yan wa za su sha miyar? Turawa ma sun hana wakenmu shiga ƙasashensu tun 2015 saboda sinadarin da ke cikin fiya-fiyar nan.

Ga dogon yaro a ƙofar gidanka, inuwa kawai kake sha. Daka 'ya'yansa, jiƙa su kwana, tace, sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma har ƙarƙashin ganye. Ganyen da sharon ta huda ka cire ka binne, kada ka watsar a gefen kwari. In kuma dole sai maganin kanti, nemi malamin gona ya faɗa maka wanne da yaushe, ba mai tebur a bakin tasha ba.

Kwaɗi kuwa in naka sun ƙare, ka aiko yaro da buhu, muna da su. Sai dai a haɗo da kuɗin sharar bara, don bashi ba na ba Bagumme.