Ɗaukar Hoton Taurari: Ƙa'idojinsa da Abin da Ke Samun Mai Yinsa

Ɗaukar hoton taurari sana'a ce ta tara haske. Hasken da ke saukowa daga sama da dare ɗan kaɗan ne, kuma ya sha tafiya kafin ya iso. Na wata sakan ɗaya da 'yan kai yake yi a hanya, na garken taurarin Andromeda kuwa shekara miliyan 2.5. Idon mutum ba ya ajiya, yana gani yana zubarwa, shi ya sa ko a daren da ya fi kowane duhu taurarin da zai iya gani ba su wuce 2,000 zuwa 3,000 ba, kuma kusan dukansu farare yake ganin su. Ita kyamara tana iya barin idonta a buɗe ta yi ta tarawa, kamar wanda ya ajiye kwano a tsakar gida ranar yayyafi. In ta tara isasshe sai launuka su bayyana: taurari mafiya zafi shuɗɗa, masu sauƙin zafi jajaye, ga gizagizan iskar da taurari ke ƙyanƙyashewa a ciki suna ja-ja. Wannan kyau ne ke jan mutane cikin sana'ar. Mai wannan rubutu yana cikin waɗanda ya ja, kuma da shi za a riƙa kafa misali, tunda shi kaɗai ya yarda.

Asali

A 1840 John Draper ya ɗauki hoton wata a birnin Niyok, bayan ya bar na'urarsa a buɗe wajen minti 20. A 1850 aka ɗauki tauraron Vega a jami'ar Harvard, karon farko ke nan da wani tauraro ban da rana ya shiga hoto. A 1880 ɗan Draper, Henry, ya shafe minti 51 yana ɗaukar gajimaren Orion. Daga wancan lokaci zuwa yau ƙa'idojin uku ne: a buɗe, a jira, kada a motsa. Na ukun ne ya gagari ɗan Adam.

Kayan aiki

Ana buƙatar kyamara ko waya mai iya barin ido a buɗe, da mazauni mai ƙafa uku. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka in an daɗe da yawa taurari sukan zama zane-zane. Masu sana'ar sukan raba 500 da tsawon gilashin kyamara a milimita: gilashi mai milimita 24 yana ba da kimanin sakan 20. A cikin sakan 20 ɗin nan hannun mutum, komai natsuwarsa, sai ya yi rawa.

Wanda ba shi da mazauni yakan yi dabara. Mai wannan rubutu ya kife turmin uwargida a tsakar gida, ya jingina waya da takalmi a kansa. Littattafan sana'ar ba su yi bayanin cewa turmi yana riƙe ƙamshin dusa ba, ba su kuma yi bayanin akuya ba. Hoton da aka samu ya nuna wani abu mai gashi da ramuka biyu, wanda masana ba su taɓa gani a sama ba. Da safe uwargida ta ce: “Maigida, in an gama da taurarin a miƙo mana turmin, mu dai gero muke dakawa.” Daga nan ya tafi wurin mai walda, aka haɗa masa mazauni da bututun ƙarfe, dogo, baƙi, mai nauyi. Za a sake haɗuwa da wannan bututu a gaba.

Wata

Sabon shiga da wata yake farawa, don shi ne ya fi girma a ido. Amma wata, daga nisansa na kilomita 384,400, rabin digiri kawai yake ci a sama. Ɗan yatsa in an miƙe hannu yana rufe shi har da saura. Waya kuma tana auna duhun da ke kewaye da shi, ta buɗe ido sosai, sai watan ya ƙone ya zama ɗigo fari fat, ba ramuka ba tabo. Maganin shi ne a rage hasken da hannu. Mai wannan rubutu ya tura nasa ɗigon a zauren dangi na WhatsApp, ya zauna jiran yabo. Amsar farko daga gwaggonsa ta zo: “Barka, ashe an kawo muku wuta.”

Lokaci

Taurari suna son daren da babu farin wata, wato ƙarshen watan Musulunci da farkon sabo. A ƙasar Hausa akwai ƙarin sharaɗi. Da damina gizagizai sun rufe sama, da hunturu hazo ya karɓe su, da bazara ƙura ba ta gama sauka ba. Abin da ya rage shi ne 'yan makonnin kaka, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ruwa ya wanke sama kuma hazo bai iso ba. A lokacin, bayan isha'i, farin zanen nan da ya ratsa sama, wanda Larabawa ke kira Majarra, yana nan a sarari, Kaza da 'ya'yanta kuma suna tasowa daga gabas.

A lokacin ne kuma sauro ya ƙoshi da damina yana neman na sallama. Mai ɗaukar hoto dole ya tsaya cik na sakan 20. Sauro bai buƙatar rabin haka. Duk marin da aka kai wa ƙafa, ƙasa ta amsa, mazauni ya amsa, hoto ya tafi. Haka kuma ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, tocila ɗaya kuma ta isa ta mayar da lissafin farko. Bincike a gidan mai wannan rubutu ya nuna cewa daidai minti na 19 yaro ke fitowa ya haska fuskar ubansa ya ce: “Baba, ka samu?”

Akwai wani haɗari na musamman a ƙarshen wata. Duk wanda aka gani da na'ura yana duban yamma bayan magariba, kafin ya juyo jama'a sun cika bayansa ana tambayar ko ya gani. Sai ya rantse cewa wannan aikin kwamitin Sarkin Musulmi ne, shi bai da hannu a ciki.

Wuri

Fitilun gari suna kashe taurari. Saboda haka mai wannan sana'a shi kaɗai ne a unguwa ke yin hamdala da ƙarfi in an ɗauke wuta, abin da ke sa maƙwabta su fara kallonsa da wata manufa. Hamdalar ma ba ta daɗewa, domin kafin ido ya saba, maƙwabci ya ja janareta ya kunna fitilar ƙofar gida. Abin da ya rage shi ne bayan gari.

Mai wannan rubutu ya aro kyamarar wani mai hoton biki, ya saɓi bututunsa, ya shiga gonar da aka girbe a wani ƙauye. Ya kafa, ya saita, ya yi ta ɗauka cikin natsuwar da bai taɓa samu ba. Amma dare rigar mugu ne, kuma a wannan zamani mutumin da ya durƙusa a gona tsakar dare bayan dogon ƙarfe mai ƙafa uku ba ya kama da malamin makaranta. Tociloli suka taso daga ko'ina. Shugaban 'yan sintiri ya ce ya ɗaga hannu, ya ɗaga. Ya ce me yake saitawa, ya ce Kaza. Wannan amsa gaskiya ce, sai dai ba ta taimaka ba.

A ƙofar gidan dagaci aka ba shi dama ya kare kansa. Ya ce: “Ranka ya daɗe, shaidata na cikin na'urar nan.” Aka kunna. Hoto na farko baƙi wuluk, na biyu haka, har na ƙarshe. A duhu, allon kyamarar da aka cire wa murfi da na wadda ba a cire wa ba duk baƙaƙe ne, kuma nasa murfin yana nan daram. Don ya nuna yana da sani, ya shiga bayanin cewa Zara da ake gani da yamma da Gamzaki da ake gani da asuba abu guda ne, duniya ce mai zagaya rana. Wannan ma gaskiya ne. Dagaci ya saurara har ƙarshe ya ce: “Malam, an kama ka da ƙarfe a gonar mutane, yanzu kuma kana so ka rage mana tauraro ɗaya. Je ka gida. Ɓarawo ya fi ka shiri.”

Manyan masana

Maganar murfi tsohuwa ce a wannan fage. A 1975 Tarayyar Sobiyet ta saukar da kumbuna biyu, Venera 9 da 10, a kan Zara, inda zafi ya kai wajen digiri 460. Kowanne yana da kyamara biyu, kowanne murfi ɗaya ya ƙi fita. A 1978 Venera 11 da 12 suka sauka lafiya, murafe duka suka ƙi, ba a samu hoto ko ɗaya ba. A 1982 murfin Venera 14 ya fita, amma ya faɗi daidai inda hannun kumbon zai taɓa ya gwada taurin ƙasa, sai aka yi tafiyar miliyoyin kilomita aka auna murfi.

Amurkawa ma ba su tsira ba. A Nuwamba 1969 Alan Bean na Apollo 12 ya juya kyamarar talabijin ta fuskanci rana a kan wata, ta ƙone, ya gwada bubbuga ta da guduma, ba ta tashi ba. Madubin hangen nesa na Hubble da aka harba a Afrilu 1990 an goge shi da kuskuren da bai kai kaurin gashin kai ba, ya yi ta turo hotuna dishi-dishi har Disamba 1993, lokacin da 'yan sama jannati suka je suka sa masa tabarau.

Abin da ake samu

In abin ya yi, yana biyan wahalarsa. Ranar 24 ga Disamba 1968 William Anders ya ɗauki duniya tana ɓullowa daga bayan wata. A 1972 ma'aikatan Apollo 17 suka ɗauke ta ɗungurungum, Afirka a tsakiya, Sahara a fili. A 1990 Voyager 1 ya waiwayo daga kilomita biliyan 6, duniya ta fito ɗigo ɗaya. A Disamba 1995 Hubble ya ƙura wa wani ɗan gurbi mai duhu ido har kwana 10, aka tarar da garkunan taurari kusan 3,000 a ciki. Madubin James Webb, mai faɗin mita 6.5, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, yana can kilomita miliyan 1.5 daga duniya, yana ganin hasken da ido ba ya gani, sai a fassara shi zuwa launuka.

Mai ƙaramin ƙarfi ma yana da rabonsa. Ido yana ganin 'ya'yan Kaza shida ko bakwai, alhali sun haura 1,000. Kyamarar biki, in an cire mata murfi, tana fito da gommai daga cikinsu, manyan shuɗɗa. Mai wannan rubutu ya samu irin wannan hoto daga baya, a gonar nan dai, 'yan sintiri biyu suna gadinsa da sharaɗin kashe tocila, kowannensu kuma ya nemi a ɗauke shi shi ma. Saboda haka jerin shirin da ya dace da ƙasar Hausa shi ne: a duba kwanan wata, a cika batir, a sa doguwar safa, a ɗaure akuya, a gaida dagaci tun da rana a nuna masa bututun, sannan a cire murfi a sa shi a aljihu, a sake laluba aljihun.