Yadda Ake Shiga Tekun Cinque Terre a Watan Afrilu

Idan Allah ya kai ka ƙauyukan nan biyar na gaɓar Liguria a Italiya cikin Afrilu ko Mayu, kada ka yarda da rana. Za ta fito tas, ta haske gidajen Manarola masu launi-launi, Bahar Rum ya kwanta shuɗi shar, zuciya ta ce maka faɗa. Amma teku ba ya saurin ɗaukar zafi, sanyin hunturu na nan maƙale a cikinsa. A Afrilu ruwan bai cika wuce digiri 15 ba, sai Agusta yake kaiwa wajen 25.

Don haka ka fara aiken babban yatsan ƙafa, ka jira ya kawo wa sauran jiki labari. Daga nan gwiwa, sai ƙugu, sai ƙirji, kana salati. Ban da tsalle daga kan dutse, don Allah. Ruwa mai sanyi yakan sa mutum jan numfashi ba shiri, in kuwa kanka na ƙasan ruwa a lokacin, ruwan za ka shaƙa. Tsaya inda ƙafarka ke taɓa ƙasa har numfashi ya daidaita, ka yi 'yan mintuna, ka fito. In ka hango wata dattijuwa tana iyo can nesa tana murmushi, ɗaga mata hannu daga gaɓa. Ita da sanyi tare suka girma, wanda Kogin Kaduna ya koya wa iyo ba abokin gasarta ba ne.

Cikin ƙauyukan biyar, Monterosso ce ke da rairayi na sosai. Sauran galibi duwatsu ne, inda bushiyar teku ke laɓe da ƙayarta, saboda haka sa takalmin roba. Masu ceto kuma sau da yawa ba su fara aiki ba tukuna. Ranar da iskar libeccio ta taso daga kudu maso yamma, har jiragen ruwan fasinja sukan fasa fita, kai ma ka haƙura.

Ni a ganina, daɗin wannan lokaci a tudu yake. Hanyar ƙafa ta Sentiero Azzurro tana ratsa gonakin inabi da zaitun, ga iska mai daɗi, cunkoso bai kai na Agusta ba. Sai dai ka bar silifa a masauki: hukumar da ke kula da yankin tana cin tarar mai hawa da shi, daga Yuro 50 har 2,500. Corniglia kuwa a kan tsauni take, daga tashar jirgin ƙasa matakala kusan 380 ke jiranka. Akwai ƙaramar bas, kuma babu mai zaginka in ka hau.

Da yunwa ta kama ka, koma Monterosso ka nemi soyayyen acciughe, ƙananan kifayen da garin ya shahara da su, ka matsa lemon tsami. In burodin focaccia za ka haɗa da shi, tambayi mai shago ko akwai naman alade a ciki.