Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Dokar Bindigogi Ta 1959

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da dattijuwar da ta girmi 'yancin kan Najeriya da shekara guda, na rubuto ne domin in isar miki da koken wasu mutane da ba sa son tsayawa gabanki da kansu. Masu bindiga nake nufi. A cikinsu akwai maharbin da ya gaji bindigar toka a wurin mahaifinsa, da falken hatsin da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Birnin Gwari, da tsohon sojan da ya ajiye kaki ya koma gona, da attajirin da aka taɓa sace masa ɗa. Ba bakinsu ɗaya ba, kuma ba duk abin da suke faɗa na yarda da shi ba. Amma akwai wurin da suka fi ki gaskiya, kuma shekarunki ba za su hana a faɗa miki ba.

Kin raba bindigogi gida uku. A ƙasa kin ajiye masu ɗurin baki, wato adaka da danginta, kin bar sha'aninsu a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. A tsakiya kin sa bindigogin farauta, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, kin ce sai da lasisin Sufeto Janar. Can sama kuma kin jera waɗanda kika haramta, igwa da roka da bam da gurneti da bindiga mai sarrafa kanta da bindigogin soja, sannan a cikin wannan sahun kika zaunar da fistol da libarba. Ƙaramar bindigar da ke shiga aljihun 'yar shara, a wurinki matsayinsu ɗaya da igwa. Ba mai ba da izinin riƙe ta sai Shugaban Ƙasa, wanda kuma aka kama da ita babu izinin, kin tanadar masa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Wannan tsari na ki bar wa talaka ta toka ki kulle ta zamani, gadon gida ne. Tun a yarjejeniyar Burasel ta 1890 Turawa suka amince a tsakaninsu cewa kada a sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka bindigogin zamani, a bar su da masu ƙanƙara da albarushi.

A kan fistol ɗin kanta, ina tare da ke, ko da masu bindiga za su ji haushina. Ba a farautar gada da ita, ba a korar biri daga gona da ita. Idan mutum ɗari suka shigo gari a kan babura, kowa da AK-47 a kafaɗa, mai fistol bai tsare kowa ba, ya dai ƙara wa maharan makami ɗaya. Inda take da ranarta shi ne inda ake buƙatar ɓoyewa: taron siyasa, faɗan fili, ƙwacen waya a lungu, rigimar cikin gida da ta kai tsakar dare. Don haka tsaurin da kika yi mata bai dame ni ba. Rigimata da ke a kan yadda kike mu'amala da wanda ya zo miki da kansa ne, ya yi sallama, ya faɗi sunansa.

Kin faɗa ƙarara cewa lasisi ba haƙƙin kowa ba ne. Kin ba mai bayarwa ikon ya hana, ko ya janye wanda ya riga ya bayar, ba tare da ya faɗi dalili ba. Kin lissafa waɗanda ba za a ba su ba, wato wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda ba ya iya kame kansa, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Madalla. Sai dai mutumin da ya tsallake duk waɗannan, ba ki yi masa alkawarin komai ba. Idan aka hana shi, kin ce ya rubuta ƙorafi ga Shugaban Ƙasa, hukuncinsa kuma shi ne na ƙarshe. Manomin Maru ko na Sabuwa, ta wace ƙofa takardarsa za ta kai teburin Fadar Aso? Shi ya sa masu bindiga ke cewa lasisi na masu uwa a gindin murhu ne, kuma babu wanda ya isa ya ƙaryata su, tunda ba a bayyana dalilin bayarwa balle na hanawa.

Ki tuna makon ƙarshe na watan Yunin 2022. A ranar 23 ga wata Kotun Ƙolin Amurka ta rushe sharaɗin jihar Niyok da ya ce sai mutum ya gamsar da jami'i cewa yana da buƙata ta musamman kafin a ba shi izinin yawo da ƙaramar bindiga. Abin da masu ƙarar suka kai kotu kusan shi ne koken mutanenmu, cewa an bar komai ga ganin damar mutum ɗaya a ofis. Kwanaki kaɗan bayan haka, a Gusau, gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'ar Zamfara su nemi izinin mallakar bindiga su kare kansu, ta kuma ce za ta raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar. Kafin a gama murna ko fargaba, kwamishinan 'yan sandan jihar ya fito ya ce takunkumin ba da lasisi yana nan, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor kuma ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Bisa ga abin da ke rubuce a jikinki, su ne da gaskiya. Amma ki duba inda aka bar ɗan Zamfara. Gwamnansa ya ce ya nemi bindiga, kamar yadda Aminu Bello Masari ya faɗa wa Katsinawa a 2021. 'Yan sanda sun ce ba sa ba da takarda. Ke kuma kina tsaye da sandar ɗauri idan ya saya babu takardar. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake jaddada cewa an dakatar da bayarwa. Ba na roƙon a kwaso mana tsarin Amurka, ƙasar da harbi ke cin rayuka fiye da 40,000 a shekara idan an haɗa da masu kashe kansu. Ina cewa ne dokar da ta ce sai da izini, alhali tagar karɓar izinin a rufe take, ta mayar da mai son bin doka mai laifi ko ya so ko bai so ba.

Babban abin da ke hana masu bindiga barci kuwa shi ne rajista. Idan ka zauna da su, magana ɗaya ce ke dawowa: wanda ya rubuta sunansa, shi ake fara ƙwanƙwasa wa ƙofa. Ba zargi ne kawai ba. A watan Fabrairun 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da wa'adin kwana 21 a miƙa haramtattun makamai, a ciki har da bindigar nan mai zugewa da ake kira fam-akshin. Mutane da dama sun riƙe ta ne da takardar da 'yan sanda suka buga wa hatimi da hannunsu, duk da cewa a rubuce kin cire irinta daga sahun da Sufeto Janar ke da ikon ba da izini. Laifin wa ke nan, na wanda ya biya kuɗi ya karɓi rasit, ko na wanda ya sa hannu? Ɗan bindigar da ke dajin Rugu ko na Kamuku bai ji komai a jikinsa ba, domin sunansa ba ya cikin littafin kowa.

Wannan tsoro ba namu ne mu kaɗai ba. A Biritaniya, bayan wani mai lasisi ya shiga makarantar firamare a garin Dumbulen a watan Maris na 1996 ya kashe yara 16 da malamarsu, majalisa ta haramta ƙananan bindigogi a 1997, aka bi littafin rajista aka karɓe sama da 160,000. A Kanada, inda ake rajistar ƙananan bindigogi tun 1934, gwamnati ta dakatar da saye da sayar da su a watan Oktoban 2022. Masu bindiga a Amurka suna nuna waɗannan da yatsa, kuma tun 1986 suka sa majalisarsu ta hana gwamnatin tarayya buɗe rajistar masu bindiga ta ƙasa baki ɗaya. Har yau cibiyar bin diddigin bindigogi da ke Yammacin Bajiniya ba ta da izinin tsara bayananta yadda za a buga sunan mutum a kwamfuta a ga abin da ya mallaka. Ni a ganina Biritaniya ba ta yi kuskure ba, kuma ba don littafin ba da aikin bai yiwu ba. Amma can sai da aka yi muhawara a majalisa, aka kaɗa ƙuri'a, aka biya mutane diyyar kayansu. Nan sanarwa ce ake karantawa a gaban 'yan jarida, washegari ta zama hukunci.

Akwai tsoro na biyu, wanda a Arewa maso Yamma ya fi na farko nauyi. Wa ke karanta littafin? A cikin wancan makon dai na Yunin 2022, ma'aikatar shari'a ta jihar Kalifoniya ta saki sunaye da adireshin waɗanda suka nemi izinin yawo da bindiga a intanet bisa kuskure, mutum kusan 190,000. Wannan a ƙasar da ake taƙama da tsaron bayanai ke nan. To ina ga garin da kowa ya san akwai infoma, inda ake sanin ranar da mutum ya sayar da shanunsa kafin ya isa gida da kuɗin? Takardar da ta ce wane, a unguwa kaza, yana da mai baki biyu da harsashi kaza, idan ta faɗa hannun da bai dace ba, gidan nan shi ne na farko a daren da za a shigo gari.

Sannan, ranki ya daɗe, ga maganar da ba na jin daɗin faɗa. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce zuwa ƙarshen 2018 akwai makamai 178,459 da ba a ga bayaninsu a ma'ajiyar 'yan sanda ba, a ciki har da AK-47 guda 88,078. Rundunar ta yi jayayya da wannan lissafi, ta ce wasu suna hannun jami'an da ke bakin aiki, wasu kuma an ƙwace su ne a hare-haren da aka kai wa ofisoshinta. Ko an rage adadin zuwa kashi ɗaya cikin goma, tambayar maharbin tana nan. Hukumar da ake gardama a kan lissafin rumbunta ita ce ke cewa ya kawo tasa guda ɗaya a rubuta, ya kuma yarda cewa sirrinsa na nan a tsare.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a yage ki a huta. Mun ga abin da bindiga ba lissafi ta haifar. A Zamfara da Katsina, 'yan sa-kai da suka fara da niyyar kare gari, wasunsu sun koma kashe Fulani a kasuwa ba bincike ba shari'a, ramuwar gayyar da ta biyo baya kuma har yau ana binne mutane a dalilinta. Lasisin da aka yi da gaskiya yana da amfani. A jihar Kanetikat ta Amurka, inda tun 1995 sai an binciki mutum an kuma horar da shi kafin ya sayi ƙaramar bindiga, masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun gano kisan kai da bindiga ya ragu sosai a shekaru goman da suka biyo baya. Rufe taga kuwa bai rage bindiga ko ɗaya a ƙasar nan ba. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan shida a hannun fararen hula a Najeriya. Maƙera na ƙerawa, ana shigowa da wasu ta iyaka, mai kuɗi na saye. Abin da kawai ya canja shi ne yanzu ba a rubuta sunan mai sayen. Su kansu gwamnoni sun gaji da jiranki, Dikko Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma a Katsina a 2023, Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawa a Zamfara a farkon 2024.

Na san ba ki iya gyara kanki, sai 'yan Majalisar Tarayya sun ɗauki alƙalami, don haka ta bakinki nake yi da su. Ku bar fistol a inda take idan kun ga dama, ni ba zan yi ƙorafi ba. Amma bindigar farauta da ta gadin gida, ku buɗe tagarta da sharuɗɗan da kowa zai iya karantawa, har da Hausa, da wa'adin da dole a ba mai nema amsa. Wanda aka hana, a rubuta masa dalili, ya kuma sami damar zuwa babbar kotun jiharsa maimakon jiran Fadar Shugaban Ƙasa. Jami'in da ya fitar da sunan mai lasisi, a tanadar masa ɗauri a cikin dokar. Idan wata rana ƙasa ta yanke shawarar karɓe wani nau'in bindiga, a yi shi a zauren majalisa, a biya mai ita. Kafin duk wannan kuma, Sufeto Janar ya zo gaban majalisa da lissafin rumbunsa, lamba bayan lamba, a karanta jama'a na ji. Sannan ne za ku iya aika wa maharbi ya kawo tasa a rubuta.

Wassalam.

Naki,
Wani ɗan ƙasa daga Arewa maso Yamma